Taswirar Raunin Tuddan Murjani: Yadda Ake Gano Inda Ɓarna Ta Fi Kusa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani, sai dai a wuyan mata da cikin kayan ado ya san shi. Kalmar kanta daga Larabci aka aro ta, jajayen duwatsun kuwa daga Bahar Rum ake ciro su, fatake su ƙetaro Sahara da su zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. Saboda taurinsa da ƙyallinsa, mutane da yawa sun ɗauka dutse ne kamar sauran duwatsu. Alhali kuwa murjani ƙashi ne na wata halitta mai rai da ke zaune a cikin teku. Wannan jan murjani na ado yana da 'yan'uwa a tekunan ƙasashe masu zafi, waɗanda aikinsu gini ne. Su ne ke ɗora ƙasusuwansu a kan na iyayensu da kakanninsu, shekaru dubbai, har su ta da tuddai da ganuwoyi a ƙarƙashin ruwa. Waɗannan gine-gine su ake kira tuddan murjani a cikin wannan maƙala.

Filin da tuddan suka mamaye bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma masana sun ƙiyasta cewa kimanin rubu'in ire-iren halittun teku a jikinsu suke samun abinci da mafaka. Haka kuma suna tare igiyar ruwa kafin ta isa gaɓa. Wani bincike na shekarar 2014 ya nuna cewa a matsakaicin lissafi suna karya kashi 97 cikin 100 na ƙarfin igiyar. Duk da wannan amfani, tuddan suna mutuwa. Rahoton ƙungiyar masu sa ido a kan murjani ta duniya, wanda ya fito a 2021, ya bayyana cewa tsakanin 2009 da 2018 kaɗai an rasa kimanin kashi 14 cikin 100 na murjanin duniya.

Da yake kuɗi da ma'aikata ba za su isa a tsare kowane tudu ba, tilas ne a yi zaɓi, zaɓi kuwa ba ya yiwuwa sai an san wanda ya fi kusa da halaka da wanda ya fi ƙarfin jurewa. Wannan shi ne aikin taswirar rauni. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake zana irin wannan taswira, da abubuwan da ake aunawa, da abin da ta nuna, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

2.0 Halittar Murjani da Wuraren Zamansa

Dabbar da ke gina murjani ƙarama ce ƙwarai, yawancinsu ba su wuce ƙwayar dawa ko ta wake ba. Jikinta kamar 'yar jaka yake, mai baki ɗaya, kewaye da bakin akwai 'yan hannuwa da take kama abinci da su. Tana tsotso ma'adinin alli daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan kofi mai tauri, ta zauna a ciki. Dubban irin waɗannan dabbobi ne ke manne da juna su zama kan murjani guda, wani mai rassa kamar ƙahon barewa, wani dunƙulalle kamar tulu. Mai rassa yana iya ƙaruwa da santimita 10 ko fiye a shekara, dunƙulallen kuwa da ƙyar yake wuce santimita 1.

Sirrin rayuwar wannan dabba yana ga wata gansakuka mai ƙwaya ɗaya da ke zaune a cikin tsokarta. Zaman nasu na cuɗe ni in cuɗe ka ne. Dabbar tana ba gansakukar masauki da taki, ita kuma gansakukar tana sarrafa hasken rana ta samar da abinci kamar yadda ganyen itace ke yi, ta miƙa wa mai masaukinta. Mafi yawan abincin murjani daga nan yake fitowa, haka ma launinsa. Wannan dangantaka ita ce ta ƙayyade inda tuddan za su iya tsayawa: sai a ruwa marar zurfi, garau, mai gishiri sosai, wanda ɗuminsa ya fi dacewa ya kasance tsakanin digiri 23 da 29 a ma'aunin Salshiyas.

Wannan ne dalilin da ya sa gaɓar tekun Afirka ta Yamma ba ta da manyan tuddan murjani. Koguna irin su Neja suna kwararo ruwan daɗi da laka mai yawa cikin teku, sa'an nan a wasu watanni ruwan sanyi yana tasowa daga ƙasan teku ya mamaye gaɓar. Gabashin Afirka kuwa, watau Kenya da Tanzaniya da Mozambik, yana da su, haka ma Bahar Maliya. Alhazan da suka bi hanyar ƙasa a zamanin da, suka shiga jirgin ruwa a Sawakin ta Sudan zuwa Jidda, ta tsakanin tuddan murjani suka wuce, kuma tsofaffin gidajen garuruwan biyu da dutsen murjani aka gina su. Mafi yawan ire-iren murjani kuwa a yankin Indunisiya da Filifin da maƙwabtansu suke.

3.0 Abubuwan da ke Yi wa Murjani Ɓarna

Ana kasa barazanar da murjani ke fuskanta gida biyu: ta kusa da ta nesa.

Barazanar kusa ita ce wadda ke fitowa daga mutanen da ke maƙwabtaka da tudun. Akwai kamun kifi fiye da kima, musamman kifayen da ke kiwon ciyawar teku, domin idan babu su ciyawar takan rufe murjani ta hana shi haske. Akwai kamun kifi da nakiya ko da guba, wanda ya yi ɓarna mai yawa a Filifin da Indunisiya da Tanzaniya. Akwai laka da takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki da dazuzzukan da aka sare. Akwai kuma ginin tashoshin jiragen ruwa da masaukan baƙi a bakin teku, da ƙazantar birane, da malalar mai.

Barazanar nesa kuwa daga hayaƙin masana'antu da motoci da tashoshin lantarki na duniya baki ɗaya take fitowa. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon da ke sararin samaniya kimanin kashi 280 ce cikin miliyan, a 2024 kuwa ta haura 420. Illarta ga murjani iri biyu ce. Ta farko ita ce ɗumamar ruwa. Idan zafin ruwa ya ɗara abin da murjani ya saba da shi a lokacin bazara da digiri 1 kacal, kuma ya ɗauki makonni a haka, sai zaman lafiyar da ke tsakaninsa da gansakuka ya lalace, ya kore ta daga jikinsa. Daga nan sai launinsa ya gushe, farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin tsokar. Wannan shi ake kira koɗewar murjani. Wanda ya koɗe bai riga ya mutu ba, yunwa ce yake ciki. Idan ruwa ya huce da wuri gansakukar takan dawo, idan kuwa zafin ya daɗe sai ya mutu. Illa ta biyu ita ce tsamin ruwa. Teku yana shanye kimanin rubu'in iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa, wannan kuwa yana ƙara masa tsami, ya sa ginin ƙashi ya yi wa murjani wuya.

An sami koɗewar da ta game duniya sau huɗu: a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 da 2017, sai ta huɗu da ta fara a 2023, aka tabbatar da ita a watan Afrilu na 2024. Zuwa farkon 2025, kimanin kashi 84 cikin 100 na tuddan duniya sun ɗanɗani zafin da ya isa ya koɗar da murjani.

4.0 Taswirar Farko: Ina Tuddan Suke?

Kafin a ce wane tudu ne mai rauni, sai an san inda tuddan suke. Masu jiragen ruwa ne suka fara zana su, domin a wurinsu tudun murjani tarko ne mai fasa jirgi. Taswirar ilmi ta farko da ta haɗa duniya kuwa ita ce wadda Charles Darwin, mutumin Ingila, ya buga a cikin littafinsa na 1842, bayan tafiyar da ya yi a jirgin ruwa tsakanin 1831 da 1836. Ya kasa tuddan gida uku, kowanne da launinsa: waɗanda ke manne da gaɓa, da waɗanda suka yi ganuwa nesa da gaɓa da ruwa a tsakani, da waɗanda suka yi zobe a tsakiyar teku. Ya yi hasashen cewa zoben yana samuwa ne idan tsibiri mai aman wuta ya nutse sannu a hankali, murjani kuma ya ci gaba da gini sama yana bin haske. Ba a tabbatar da haka ba sai a 1952, lokacin da aka haƙa rijiya a zoben Enewetak na tekun Pasifik, aka tarar da dutsen aman wuta bayan an ratsa murjani na sama da mita 1,200.

Tauraron ɗan'adam ne ya sauya aikin. Tun daga 1972 taurarin Landsat na Amurka suke ɗaukar hoton doron ƙasa, masana kuma suka koyi karanta ruwa marar zurfi a cikin hotunan. Kundin taswirar murjani na duniya da aka buga a 2001 ya ƙiyasta faɗin tuddan a kan murabba'in kilomita 284,300. A 2021 aka kammala wani kundin mai suna na Allen, domin tunawa da Paul Allen, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Microsoft, wanda gidauniyarsa ta ɗauki nauyin fara aikin. An yi shi da hotunan ƙananan taurari masu yawa, kowane ɗigo a taswirar yana wakiltar fili mai faɗin mita 5. Da wannan kundi aka ƙiyasta a 2024 cewa faɗin tuddan da ke ruwa marar zurfi ya kai kimanin murabba'in kilomita 348,000. Bambancin lissafin biyu daga ƙarfin idon da ya duba ya fito, ba wai tuddan ne suka ƙaru ba.

Hanyar karanta hoton ta dogara ne a kan halin haske a cikin ruwa. Jan haske yana ɓacewa a cikin 'yan mitoci na farko, shuɗi kuwa yana nutsawa da nisa. Idan aka gwada yawan kowane launi da ya dawo ga tauraron, ana iya ƙiyasta zurfin wurin da abin da ke ƙasansa, ko rairayi ne, ko dutse, ko ciyawar teku. Sa'an nan, da yake gani ya kori ji, akan tura masu nutso su bi layi a ƙarƙashin ruwa suna ɗaukar hoto, ana rubuta wurin kowane hoto. Da waɗannan hotuna ake koya wa kwamfuta rarrabe wurare, da su kuma ake gwada gaskiyar abin da ta zana.

5.0 Yadda Ake Auna Rauni

Rauni a wurin masana ya ƙunshi tambayoyi uku. Wace irin masifa ce ke isa ga wannan tudu, kuma da wane ƙarfi? Idan ta iso, yaya take cin murjanin da ke wurin? Idan ta wuce, yana iya farfaɗowa? Kowace tambaya ana zana mata taswirarta, sa'an nan a ɗora taswirorin a kan juna a cikin kwamfuta, kamar yadda ake ɗora takardu masu shara-shara, a ga inda duhunsu ya haɗu.

5.1 Taswirar Barazanar Kusa

Fitaccen misali a nan shi ne aikin Cibiyar Albarkatun Duniya da ke birnin Washinton, wadda ta fitar da rahoto a 1998, ta sabunta shi a 2011. Da yake ba zai yiwu a ziyarci kowane tudu ba, sai masanan suka raba tuddan duniya zuwa ƙananan murabba'ai masu faɗin mita 500, suka auna kowanne da alamu. Domin gine-ginen gaɓa, an duba nisan tudu daga birane da tashoshin jiragen ruwa da na sama da masaukan baƙi. Domin laka, an duba gangaren ƙasa da irin turɓayarta da yawan ruwan sama da abin da ya rage na itatuwa a kwarin kowane kogi, aka lissafa inda lakar za ta bazu a teku. Domin ƙazantar jirage, an duba hanyoyinsu da wuraren haƙar mai. Domin kamun kifi, an duba yawan jama'ar gaɓa da faɗin wurin da suke su. Daga nan aka ba kowane murabba'i matsayi, daga ƙaramar barazana zuwa mai tsanani ƙwarai.

Rahoton 2011 ya nuna cewa sama da kashi 60 cikin 100 na tuddan duniya suna cikin barazanar kusa, kuma kamun kifi ne babba a cikinta, domin ya shafi sama da kashi 55. Idan aka haɗa da zafin ruwa, adadin ya kai kashi 75. Taswirar ta kuma nuna bambanci mai girma tsakanin yankuna: a kudu maso gabashin Asiya kusan kashi 95 ne ke cikin barazanar kusa, a Ostareliya kuwa kimanin kashi 14.

5.2 Taswirar Zafin Ruwa

Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wadda aka fi sani da NOAA, tana fitar da taswirar zafin saman teku kowace rana, kowane ɗigo mai faɗin kilomita 5. Ma'aunin da take amfani da shi yana haɗa tsananin zafi da daɗewarsa. Da farko akan san matsakaicin zafin watan da ya fi kowane wata zafi a wannan wuri. Duk lokacin da ruwa ya ɗara wannan mizani da digiri 1 ko fiye, sai a riƙa tara ƙarin, na tsawon makonni 12 da suka gabata. Alal misali, ƙarin digiri 1 na mako 4 ya ba da maki 4, haka nan ƙarin digiri 2 na mako 2 shi ma maki 4 ne. Idan maki ya kai 4 ana sa ran koɗewa, idan ya kai 8 ana sa ran koɗewa mai yawa da mutuwar ire-iren da ba su da juriya. A da maki 8 ne matakin gargaɗi na ƙarshe. Zafin 2023 ya wuce shi nesa ba kusa ba, har hukumar ta ƙara matakai uku a sama, na ƙarshensu daga maki 20.

Hikimar wannan ma'auni ita ce kowane wuri da mizaninsa ake auna shi. Ruwan da murjanin Tekun Fasha ya saba da shi a bazara zai halaka murjanin wani wuri mai sanyi-sanyi.

5.3 Taswirar Juriya da Farfaɗowa

Wannan ita ce mafi wuyar zanawa, domin tauraro ba ya ganin ta kai tsaye. Abin da aka koya game da ita daga dogon nazari a ƙarƙashin ruwa aka samo shi.

Tsibiran Seshel na tekun Indiya sun rasa sama da kashi 90 cikin 100 na murjaninsu a 1998. Masana sun bi diddigin tuddai 21, suka ba da sakamako a 2015: 12 sun kama hanyar farfaɗowa, 9 kuwa ciyawar teku ta mamaye su. Abubuwa biyu suka fi bambanta su, watau zurfin ruwa da yawan lunguna da koguna a jikin tudun, domin a lungunan nan ne ƙananan kifaye da jariran murjani ke fakewa. Da yake waɗannan abubuwa biyu suna da sauƙin aunawa, sun zama alamun da ake sa wa a taswira.

Jamaika ta ba da darasi na daban. An daɗe ana kame kifayenta masu cin ciyawa, aikin kiwon ya rage ga bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi. Guguwa ta ragargaza tuddan a 1980, sa'an nan annoba ta kashe bushiyar a 1983 da 1984. Da babu mai kiwo, ciyawa ta rufe ko'ina, murjanin da ya rufe kimanin rabin tuddan a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tudun da barazanar kusa ta riga ta raunana shi ne ke kasa tashi bayan masifa.

Akwai kuma batun iri. Murjani yana sakin ƙwayayensa cikin ruwa, igiya ta kwashe 'ya'yan zuwa wasu tuddan. Saboda haka tudun da ke kan hanyar igiya daga lafiyayyen tudu ya fi saurin farfaɗowa. Daɗin daɗawa, wasu wurare suna da murjani mai jure zafi fiye da na sauran, kamar na mashigin Aƙaba a arewacin Bahar Maliya. Wasu masana suna ganin dalilin shi ne kakanninsa sun ratso ruwan zafi na kudancin tekun kafin su isa can, waɗanda suka jure ne kawai suka iso.

6.0 Misalin Babbar Ganuwar Ostareliya

Babbar ganuwar murjani da ke arewa maso gabashin Ostareliya ita ce mafi girma a duniya. Tsawonta kimanin kilomita 2,300 ne, ta ƙunshi tuddai wajen 2,900. An kafa dokar kare ta a 1975, aka sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. A 2004 aka sake raba ta shiyya-shiyya bisa taswirar ire-iren muhallinta, wuraren da aka haramta su a cikinsu suka tashi daga ƙasa da kashi 5 zuwa kashi 33 cikin 100. Wannan misali ne na taswirar da ta zama doka.

Binciken 2012 ya nuna cewa tsakanin 1985 da 2012 ganuwar ta rasa rabin murjaninta. An danganta kashi 48 na asarar ga guguwa, kashi 42 ga wani tauraron teku mai ƙaya da ke cin murjani, kashi 10 kawai ga koɗewa. Bayan shekara huɗu lissafin ya juya. A 2016 Farfesa Terry Hughes da abokan aikinsa suka bi ganuwar a jirgin sama suna ba kowane tudu maki, suka duba tuddai 911, suka tarar kashi 7 cikin 100 ne kawai ba su koɗe ba. Da aka ɗora taswirarsu a kan ta zafin ruwa, sai suka dace. Arewa, inda zafi ya fi taruwa, nan ne ɓarna ta fi yawa, har kimanin kashi biyu cikin uku na murjanin ruwa marar zurfi ya mutu a wani yanki mai tsawon kilomita 700. Kudu kuwa ta tsira, domin ragowar wata guguwa ta kawo gajimare da ruwan sama suka sanyaya tekun.

Abin lura a nan shi ne arewar ita ce mafi nisa daga birane da gonaki, watau wadda taswirar barazanar kusa ta nuna a matsayin mafi aminci. Ke nan taswira ɗaya ba ta wadatarwa. An sake samun koɗewa a 2017 da 2020 da 2022 da 2024, ta ƙarshen nan ta ci kudun da ta tsira a baya. A gefe guda kuma, nazarin igiyar ruwa na 2017 ya gano tuddai kimanin 100, wajen kashi 3 cikin 100 na ganuwar, waɗanda zafi bai cika isa gare su ba, kuma suna iya aika iri zuwa kusan rabin sauran tuddan. Irin waɗannan su ne rumbun iri, su suka fi cancantar tsaro.

7.0 Raunin Mutanen da ke Dogara da Tuddan

Taswirar rauni ba ta cika sai ta haɗa da mutane. Rahoton 2011 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 275 ne ke zaune dab da tuddan murjani. Ya auna ƙasashe da yankuna 108 da tambayoyi uku: yawan barazanar da ke kan tuddansu, da yawan dogaron jama'a a kansu wajen abinci da sana'a da baƙi masu yawon buɗe ido da kariyar gaɓa, da kuma ƙarfin ƙasar na jure asara ta fuskar arziki da ilmi da lafiya da mulki. Ƙasashe tara suka fito a matsayin mafiya rauni: Haiti, Giranada, Filifin, Komoros, Banuwatu, Tanzaniya, Kiribati, Fiji da Indunisiya. Biyu daga cikinsu na Afirka ne. Tudu ɗaya zai iya mutuwa a ƙasa mai arziki a yi asarar kuɗin baƙi, irinsa ya mutu a Komoros a rasa abin sa wa a tukunya.

Irin wannan tunani ne ya haifar da wani aiki a 2018, inda masana suka zaɓi yankuna 50 da ake sa ran za su fi jure sauyin yanayi kuma su ba maƙwabtansu iri. Sun warwatsa zaɓin a tekuna daban-daban da gangan, kamar manomin da ke shuka gero a tudu, dawa a kwari, wake a tsakani, domin kowace irin damina ta zo kada ya tashi hannu banza.

8.0 Inda Ƙarfin Taswira ya Tsaya

Wajibi ne mai karanta taswira ya san iyakarta. Na farko, tauraro ba ya gani fiye da zurfin mita 10 zuwa 15, kuma gajimare da ruwa mai laka suna rufe masa ido. Na biyu, murjani mai rai da gansakukar da ta rufe mataccensa kusan launi ɗaya suke nunawa daga sama, shi ya sa kundin Allen ya haɗa su a rukuni guda. Na uku, zafin da ake aunawa na saman ruwa ne, kuma ɗigo mai faɗin kilomita 5 yana iya ƙunsar wuri mai zafi da mai sanyi. Na huɗu, alamu irin su nisan birni ƙiyasi ne na barazana, ba su ne ɓarnar kanta ba. Na biyar, akwai abin da ke zuwa ba zato, kamar cutar da ta ɓulla a murjanin Florida a 2014 ta bazu a tekun Karibiyan, ko jirgin dakon kaya da ya hau kan tudu a Morishas a 2020 ya zubar da mai kimanin tan 1,000.

Bayan wannan, layin da aka ja a takarda ba ya korar mai nakiya. Rahoton 2011 ya nuna cewa kashi 27 cikin 100 na tuddan duniya suna cikin wuraren da aka ce an keɓe, amma kashi 6 ne kawai ke cikin waɗanda ake kula da su yadda ya kamata. Taswira tana amfani ne idan akwai masu gadi, da kuɗin aiki, da yardar masuntan da suka san ruwan tun kaka da kakanni.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bayyana cewa taswirar raunin murjani hawa-hawa ce: ta inda tuddan suke, ta barazanar kusa, ta zafin ruwa, ta juriya da farfaɗowa, sa'an nan ta mutanen da rayuwarsu ta rataya a kansu. Da ita ake sanin inda za a hana su, da kogin da za a tare lakarsa, da tudun da za a ajiye domin iri. Sudan, alal misali, ta sami shigar da tuddanta na Sanganeb da Dungonab cikin wuraren tarihi na duniya a 2016.

Sai dai duk wannan ƙoƙari jinkirta ɓarna yake yi muddin teku yana ƙara zafi. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashe a 2018 cewa idan ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na tuddan murjani, idan ta kai digiri 2 kuwa abin da zai rage bai kai kashi 1 ba. Tazarar rabin digiri ce tsakanin samun abin da za a farfaɗo da shi da rashinsa. Tambayoyi ukun da ake yi wa tudun murjani, watau me ke zuwa, yaya zai ci, kuma ana iya tashi bayansa, su ne dai ake yi wa daji da fadama da gona a duk inda yanayi ke sauyawa. Hausawa kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.